Guzurin Gida da Fahimtar Karatu: Sharhi Kan Littattafan da Ake Koyar da Yaranmu a Firamare

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa riƙe alli a aji uku ko aji huɗu na firamare ya san irin yaron nan da zai karanta shafi guda tun daga sama har ƙasa ba tare da tuntuɓe ba, amma da zarar an rufe littafi an ce ya faɗi abin da ya karanta, sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Abin da aka saba yi shi ne a ce yaron daƙiƙi ne, ko a ɗora laifin a kan iyayensa, ko kuma a kan wahalar Turanci. Wannan maƙala za ta dubi wani dalili da ba a cika kula da shi ba, wato tazarar da ke tsakanin rayuwar da yaro ya taso a cikinta da rayuwar da littafin karatu yake ɗauka kowa ya sani. Za a yi sharhi a kan littattafan da aka koyar da mu da waɗanda ake koyar da jikokinmu, a ga inda suka dace da inda suka kauce, musamman game da yaran karkara da 'ya'yan ƙananan ƙabilu waɗanda Hausa ma ba ita ce harshen gidansu ba.

2.0 Abin da Marubuci Ba Ya Faɗa

Babu marubucin da yake faɗin komai da komai. Rabin magana yake rubutawa, ya bar wa mai karatu ya cika sauran daga abin da ya sani. Alal misali, a rubuta wa yaro cewa: ran kwana bakwai da sassafe aka ɗaure rago a ƙofar gida, liman ya zo, aka raba goro, da hantsi sai ga wanzami da zabirarsa. Ba a ambaci haihuwa ba, ba a ambaci jariri ba, amma duk ɗan shekara takwas a ƙasar Hausa zai gaya maka suna ake yi, har ma ya ƙara maka da cewa mata za su taru da yamma. Wannan abin da yaron ya cika da kansa shi ne nake kira guzurin gida, kuma da shi ake fahimtar karatu.

A tsakiyar shekarun 1990, lokacin ina aiki a wata ƙaramar hukuma, na raka masu duba makarantu zuwa wani ƙauye. Muka tarar da malami yana koyar da wani labari na Turanci a aji biyar, a kan yarinyar da aka yi wa bikin zagayowar ranar haihuwa. Malamin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya fassara kowace jimla zuwa Hausa. Daga nan ya yi tambayar da ke ƙarshen darasi: don me yarinyar ta hure kyandirori? Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, don kada su ƙare, a samu na kunnawa gobe. Aka ce bai ci ba, 'yan aji suka yi masa dariya, ya zauna. Har muka fita bai sake ɗaga hannu ba. Alhali in an duba da kyau, yaron ya yi abin da ake so mai karatu ya yi: ya ɗauki abin da aka faɗa, ya haɗa da abin da ya sani, ya fitar da dalili. A gidansu kyandir abin tattali ne. Kalmomin duk ya ji su da Hausa, al'adar da ke bayansu ce ba a ba shi ba.

3.0 Shaidar Masu Bincike

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ganinta ba. A shekarar 1932 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Frederic Bartlett, ya buga sakamakon wani gwaji da ya yi. Ya ba Turawan Ingila wata tatsuniya ta 'yan asalin Amurka ta Arewa a kan yaƙin fatalwa, suka karanta, bayan wani lokaci ya ce su sake ba da ita. Sai ya ga suna zubar da abin da ya yi musu baƙo, suna musanya wasu abubuwa da nasu: kwalekwale ya koma jirgin ruwa irin wanda suka sani, farautar wata dabbar teku ta koma kamun kifi. Waɗannan kuwa manya ne masu ilimi.

A shekarar 1979 kuma wasu masu bincike uku a Amurka, Steffensen da Joag-Dev da Anderson, suka ba Amurkawa da Indiyawa wasiƙu biyu, ɗaya tana bayanin bikin aure a Amurka, ɗaya a Indiya. Kowane rukuni ya fi saurin karanta wasiƙar ƙasarsa, ya fi tuna abin da ke cikinta, ya kuma fi yin kuskure a ta baƙin. A wasiƙar Amurka an ce amarya ta sa rigar auren kakarta, abin da yake alfahari ne a wurinsu, amma a cikin Indiyawan aka sami wanda ya fahimci cewa abin tausayi ne, ta sa tsohon yayi.

Misalin da ya fi kusa da batunmu shi ne na wata malama a ƙasar Niyu Zilan, Sylvia Ashton-Warner, wadda ta koyar da ƙananan yaran ƙabilar Mawori, 'yan asalin ƙasar. Ta lura littattafan da aka kawo musu, masu ba da labarin yaran Turawa, ba sa zama a kansu. Sai ta riƙa tambayar kowane yaro kalmar da yake so, ta rubuta masa a kati ya tafi da ita gida. Kalmomin da suka zaɓa na abin da suke tsoro ne da abin da suke ƙauna, kuma washegari sukan dawo suna gane su. Ta bayyana wannan hanya a littafin da ta fitar a 1963.

A nan gida Nijeriya, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife sun fara wani shiri a 1970 na koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma yi kyau a sauran darussa. Abin da ake yawan mantawa shi ne, masu shirin sun zauna sun rubuta sababbin littattafai, sun horar da malamai, ba harshen koyarwa kawai suka sauya ba.

4.0 Darasin Abubakar Imam

Idan muka waiwayi tarihinmu za mu ga an taɓa gane wannan sirri. An kafa Hukumar Fassara a 1929, daga baya ta koma Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East, saboda makarantun boko na Arewa ba su da abin karantawa da Hausa. A 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Midil ta Katsina ya zauna a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito littafi uku tsakanin 1937 da 1939.

Manazarta adabi sun daɗe da tabbatar da cewa da yawa daga cikin labaran littafin baƙi ne. Akwai na Alfu Laila, akwai na tatsuniyoyin Jamus, shi kansa tsarin aku mai ba da labari don ya hana wani fita yana da asali a adabin Indiya da Farisa. Labarin Sarkin Busa, alal misali, ya samo tushe daga labarin mai sarewar nan na garin Hamelin na Jamus. Amma wane ne a cikinmu ya san haka lokacin da muke karantawa a aji? Babu. Dalili kuwa shi ne Imam ya tuɓe wa labaran tufafinsu ya sa musu riga da rawani. Ya kawo su fada, ya zaunar da su gaban sarki da waziri da alƙali, ya sa musu gaisuwa irin tamu da karin magana irin namu, har yaro ya ji kamar a bayan garinsu abin ya faru. Haka Malam Ahmadu Ingawa ya yi da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda asalinsa labarin wani gwarzo ne na Rasha, amma tsararrakinmu suka ɗauke shi ɗan gida.

Darasin da ke nan yana da muhimmanci, domin akwai masu cewa maganin matsalar shi ne a hana yaro duk wani labari na waje. Wannan ra'ayi bai yi ba. Yaro ya zo makaranta ne don ya san abin da bai sani ba, kuma wanda aka tsare a kan rumbu da rijiya kaɗai an cuce shi. Abin da Imam ya nuna shi ne baƙon labari yana shiga kan yaro in an biyo da shi ta ƙofar da yaron ya sani. Da yawa daga cikin littattafan da suka cika kasuwa daga baya, na Turanci da na Hausa, sun kasa yin wannan aiki. Sukan canza sunan yaro daga na Turawa zuwa Musa ko Binta, su bar shi a gida mai ɗakin cin abinci, yana kwana da kare, yana yi wa ubansa gardama a kan tebur. Sunan Bahaushe ne, rayuwar ta wasu ce.

5.0 Inda Littattafan Hausa Suka Gaza

Adalci ya sa a faɗi cewa rubuta littafi da Hausa bai isa ya mai da shi na kowane yaro ba. Akwai gibi iri uku da ya kamata malamai su lura da su.

Na farko shi ne na ƙabila. A jihohinmu akwai 'ya'yan Fulanin rugga, da Gbagyi, da Kambari, da Dakarkari, da Warjawa, da Badawa, da Mangawa da sauransu, waɗanda ake koyar da su da Hausa don ita ce harshen kasuwa. Irin wannan yaro yana hawa katanga biyu kafin ya kai ga Turanci. Ɗan Fulani da ya san sunan kowace saniya a garkensu da launinta da halinta, ya san ciyawar da ke kashe dabba, ya san alamun ruwa, in aka ba shi labarin hawan salla da jerin hakimai sai a ga kamar bai san komai ba. Da labarin mashekari aka ba ɗan birni, shi ma haka zai yi zuru. Gwamnatin Tarayya ta amsa wannan gaskiya da ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989, wadda daga baya aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta, sai dai yaran da ke cikin makarantun gama-gari sun fi waɗanda hukumar take kaiwa gare su yawa. Har ila yau, su kansu tsofaffin littattafanmu da muke yabo duniyar fada da birni suka fi nunawa, kuma akwai wuraren da baƙauye ne abin dariya a hannun 'yan birni. Malami ya tuna cewa a ajinsa akwai wanda ubansa ne ake yi wa wannan dariya.

Na biyu shi ne na karin harshe. Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne galibi a kan Kananci. Yaron da a gidansu ake cewa zamna da hwara da sabro, zai tarar da zauna da fara da sauro a littafi. Wannan ba babbar matsala ba ce in malami ya nuna masa cewa duka biyun Hausa ce, ɗaya ta rubutu ɗaya ta gida. Tana zama matsala ne in aka ce masa tasa kuskure ce.

Na uku shi ne na zamani, kuma mu dattawa ya fi shafa. Al'ada tana tafiya. Yaron da aka haifa a unguwannin bayan gari a yau bai taɓa ganin lifidi ko sulke ba, bai san zagi ko shamaki ba, wani ma bai taɓa cin tuwo a akushi ba. Ya san waya da babur mai ƙafa uku da cajin fitila. Saboda haka Magana Jari Ce da ya kasance ruwan sha a wurinmu, ga wannan yaro yana bukatar sharhi kamar yadda labarin kyandir ya bukata. Wanda ya ce a dawo da littattafan da kawai matsala ta ƙare, bai dubi jikokinsa da kyau ba.

6.0 Al'adar Karatu da Al'adar Kunya

Bayan abin da ke cikin littafi, akwai kuma yadda yaro ya ɗauki karatu kansa. Mafi yawan yaranmu sun fara da makarantar allo, inda karatu yake nufin biyawa da ƙarfi, da maimaitawa, da kiyaye lafazi har a haddace, fassara da sharhi kuwa sai an kai matakin littattafai. Wannan tarbiyya tana ba yaro kaifin hadda da haƙurin zama, abubuwan da malamin boko zai amfana da su. Amma in ba a bayyana wa yaro cewa a wannan aji ana son ya faɗi ma'ana da bakinsa ba, zai ɗauka ya gama aikinsa da ya biya shafi daidai.

Daɗin daɗawa, an hore shi a gida cewa yaro ba ya kallon babba ido cikin ido, ba ya tsoma baki in manya na magana, ba ya cewa babba ya yi kuskure. A wajen Fulani wannan kunya ta fi ƙarfi, ga 'ya'ya mata kuma ta ninka. Sai ga littafi yana tambaya: kana ganin abin da mahaifin Audu ya yi daidai ne? Yaro mai tarbiyya zai yi shiru ko da ya san amsa, malami kuma ya rubuta bai fahimta ba. A nan ladabi aka auna, aka ba shi makin jahilci.

Abin mamaki shi ne wannan yaron da dare, a gaban kakarsa, shi ne mai amsa “ta zo mu ji ta”, mai gane makircin Gizo tun kafin Ƙoƙi ta gane, mai warware kacici-kacici. Hasashen abin da zai faru, da gano nufin da aka ɓoye, da fitar da darasi, su ne ginshiƙan fahimtar karatu, kuma dandali ya riga ya koya masa su. Makaranta ce ba ta tambaye shi ba.

7.0 Manufar Harshe da Iyakarta

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta biyo bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa kafin a koma Turanci. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a tsawaita wannan zuwa shekara shida na firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke wannan tsari da komawa ga Turanci. A ganina duk wannan kai da komo an yi shi ne a kan harshe kaɗai, ba a taɓa zama an tambayi abin da ke cikin shafin ba. Yaron da na ba da labarinsa da Hausa aka fassara masa darasi, bai hana shi faɗuwa ba. In kuwa da Turanci za a koyar tun daga aji ɗaya, to bukatar labarin ya zama na rayuwar da yaro ya sani ta ƙaru, domin ba a haɗa wa ƙaramin yaro baƙon harshe da baƙuwar duniya a lokaci guda.

Ba kuma za a ce al'ada ce dukkan ciwon ba. Gwajin karatu da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2013 ya nuna mafi yawan yaran aji biyu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Wanda bai iya haɗa baƙi da wasali ba, maganar fahimta ba ta taso ba tukuna. Cunkoson aji, da rashin littattafai, da ƙarancin horon malamai duk suna nan. Sai dai gyaran waɗannan yana bukatar kuɗin gwamnati, shi kuwa gibin al'ada malami zai iya fara cike shi gobe da safe ba tare da kwabo ba.

8.0 Shawarwari

Na ɗaya, kafin a buɗe littafi malami ya ɗauki minti biyar yana hira da yara a kan batun darasi, ya ji abin da suka sani, ya bayyana abin da yake baƙo. Da an gaya wa yaran ƙauyen nan yadda wasu mutane ke bikin ranar haihuwa, aka kwatanta musu da walimar saukar karatu, da amsar ta zo da sauƙi.

Na biyu, in yaro ya ba da amsar da ta saɓa wa ta littafi, a tambaye shi dalilinsa kafin a yanke hukunci. Sau da yawa a cikin dalilin ne malami zai gano inda gibin yake.

Na uku, malami ya riƙa rubuta gajerun labarai a allo daga bakin yaran kansu: ranar kasuwa, girbin gero, dawowar shanu, su a kogi. Yaron rugga ya ba da nasa, ɗan masunta ya ba da nasa, kowa ya zama malamin 'yan uwansa na yini ɗaya.

Na huɗu, dattawan gari, maza da mata, su riƙa shiga makarantu suna ba da tatsuniya da tarihin gari, malamai su rubuta, a tara a ajiye. Kowace tsohuwa da ta rasu da tatsuniyoyinta, littafin karatu ne muka yi asara.

Na biyar, masu rubuta littattafai da masu tsara jarrabawa su gwada kowane labari a makarantar ƙauye da ta rugga kafin a buga, kada su tsaya a makarantun cikin birni.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa yaro ba ya zuwa makaranta hannu rabbana. Yana zuwa da guzurin shekara shida ko bakwai na harshe da tarbiyya da sanin muhallinsa, kuma da wannan guzuri yake buɗe duk shafin da aka ajiye a gabansa. Littafin da ya yi amfani da guzurin, kamar yadda Abubakar Imam ya yi wa yaran zamaninsa, yakan kai yaro har ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba. Wanda ya yi watsi da shi kuwa yakan bar yaro yana biya baƙaƙe ba tare da ma'ana ba, har ya gaji ya koma gona ko talla da tabon cewa shi ba mai ƙwaƙwalwa ba ne. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa sai ya san irin iccen da ke hannunsa. Ina roƙon malamanmu, kafin su rubuta wa yaro sifili a darasin fahimta, su tsaya su tambayi kansu ko shi ne bai gane littafin ba, ko kuwa littafin ne bai san da zamansa ba.